Sojojin Ailan da aka daina ambato: a bar garinsu ya nemo sunayensu

Labarin wani bango da ke maƙabartar Glasnevin a Dublin, babban birnin Ailan, shi ya sa na ɗauki alƙalami. A 2016 aka kafa shi, aka zana masa sunayen waɗanda suka rasa rayukansu a Boren Ista na 1916, wato tawayen da aka yi wa mulkin Birtaniya a Dublin: 'yan gwagwarmayar neman 'yanci, da fararen hula har da yara ƙanana, da 'yan sanda, da sojojin Birtaniya, kowa a jere, ba a ware wani gefe ba. Ba a jima ba aka watsa masa fenti. Daga baya wasu suka shiga da guduma suka farfasa wurin da sunayen sojojin suke. A 2022 masu kula da maƙabartar suka ce sun haƙura, an fasa ci gaba da aikin.

Wanda ya shiga maƙabarta da guduma ya yi abin kunya, wannan ba sai an tsaya jayayya ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hukuncin da wasu suka yanke bayan haka, wai tunda abin yana ta da ƙura, gara a ƙyale matattun nan su kwanta, a daina tono sunan duk ɗan Ailan da ya mutu cikin kakin Sarkin Ingila.

Ban yarda ba. Ɗan Ailan da ya mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a ramukan yaƙi na Faransa ko a gaɓar Gallipoli ta Turkiyya, yana da haƙƙin a san sunansa, da gidan da ya fito, da sana'ar da ya bari. Kuma a ganina waɗanda suka fi dacewa da wannan aiki su ne masu binciken tarihin gari: malamin makaranta mai ritaya, ma'aikaciyar laburaren gunduma, jikar da ta tsinci tsohon hoto a ƙasan akwati ta ƙi haƙura sai ta san ko wane ne. Abin da babban bango a babban birni ya kasa, su suna yin sa a hankali, suna ɗaya bayan ɗaya.

Yadda aka yi shiru

Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, tsibirin Ailan gaba ɗaya yana ƙarƙashin Birtaniya. Mutanensa sama da 200,000 suka yi aikin soja a yaƙin, sama da 30,000 ba su dawo ba. Da yawa sun tafi a 1914 da 1915 ana raka su tashar jirgin ƙasa da kiɗan badujala. Kafin waɗanda suka tsira su dawo, ƙasar ta canza musu: an yi Boren Ista, an harbe shugabanninsa, zukatan jama'a sun juya wa Landan baya, an shiga yaƙin neman 'yanci. A 1922 aka kafa sabuwar ƙasa a kudu, aka rushe rundunonin kudancin Ailan irin su Royal Dublin Fusiliers da Connaught Rangers, aka kwashe tutocinsu zuwa fadar Windsor.

Shirun ba dare ɗaya ya sauka ba. A shekarun 1920 dubban mutane sukan cika tsakiyar Dublin ranar 11 ga Nuwamba, ranar da aka tsagaita wuta a yaƙin, don tunawa da su. Sannu a hankali taron ya riƙa raguwa, littafin makaranta ya tsallake labarin, lambar tagulla da aka aika wa gidajen da aka yi rashi ta koma ƙasan durowa. A arewa kuwa, wadda ta ci gaba da zama ƙarƙashin Birtaniya, akasin haka aka yi. Runduna ta 36 ta Ulster, wato yankin arewacin Ailan, wadda aka yi wa mummunar ɓarna a Somme ta Faransa ranar 1 ga Yuli 1916, ta zama abin alfaharin masu son zama da Birtaniya, ana fareti da sunanta kowace shekara. Wani ɓangare ya mai da matattunsa tuta, ɗaya ɓangaren ya binne nasa karo na biyu.

"Ai mai mulkin mallaka suka yi wa yaƙi"

Wannan ita ce hujja mafi nauyi, kuma ba zan raina ta ba. Akwai ma abin da ke ƙara mata ƙarfi: ba a taɓa aiwatar da dokar shiga soja dole a Ailan ba. Da aka yi yunƙurin kawo ta a 1918, ƙasar ta tashi tsaye, aka janye. Ke nan da ƙafarsu suka je ofishin ɗaukar soja.

To amma me ya kai su? A nan binciken gari yake da amfani, domin shi ke buɗe ƙofar gidan. Ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasar ta sa takardun ƙidayar 1901 da ta 1911 a intanet kyauta, kowa na iya ganin ainihin fom ɗin da maigida ya cika. Akwai layin suna, da addini, da ko mutum ya iya karatu da rubutu, da shekaru, da sana'a. A fom ɗin 1911, ga matar aure akwai wasu layuka guda biyu masu sa jiki ya yi sanyi: 'ya'ya nawa ta haifa da rai, nawa ne suke raye har yanzu. A ƙasa maigida ya sa hannu, in bai iya rubutu ba ya yi alamar gicciye. Wani fom ɗin kuma ya nuna ɗaki nawa iyalin suke ciki. A Dublin ta wancan lokaci iyalai sama da 20,000 kowanne a ɗaki ɗaya yake kwana. A 1913 masu kamfanoni suka rufe wa ma'aikata kusan 20,000 ƙofa na tsawon watanni saboda ƙungiyar ƙwadago, wasu ba a sake ɗaukar su aiki ba. Lebura irin wannan, soja na ba shi albashi, kuma ana biyan matarsa alawus duk mako gwargwadon yawan 'ya'ya. Wanda ya ga fom ɗin gidansa da idonsa, zai yi wuya ya kira shi maci amana kai tsaye.

Ba duka ne yunwa ta kora ba. John Redmond, jagoran 'yan kishin ƙasa a majalisar Landan, shi da kansa ya yi kira a Woodenbridge a Satumban 1914 cewa a shiga yaƙin, da fatan hakan zai tabbatar da dokar mulkin kai da aka zartar aka kuma jingine sai bayan yaƙi. Ƙaninsa Willie Redmond, ɗan majalisa mai shekara 56, ya mutu a Messines ta Beljiyam a 1917. Tom Kettle, malamin jami'a kuma tsohon ɗan majalisa, ya mutu a Ginchy ta Faransa a 1916. Waɗannan sun yi imani Ailan suke wa aiki. Ana iya cewa lissafinsu bai fita ba, tarihi ma ya nuna haka. Kuskuren lissafi daban, cin amana daban.

Sai kuma abin da ya fi rikitar da mai son raba mutane gida biyu. Éamonn Ceannt yana cikin shugabannin bore da aka harbe a Mayun 1916. Ɗan'uwansa William, uwa ɗaya uba ɗaya, saje manja ne a Royal Dublin Fusiliers, aka kashe shi a Faransa a 1917. Tom Barry, wanda ya zama ɗaya daga cikin kwamandojin da suka fi addabar sojojin Birtaniya a yammacin Cork, a rundunar Birtaniya ya koyi harbi, a ƙasar da yau ake kira Iraƙi. Emmet Dalton ya sami lambar jarumta a Ginchy, shi ne kuma yake tare da Michael Collins, babban kwamandan sojan sabuwar ƙasa, ranar da aka kashe Collins a Agustan 1922. Ta ina za a ja layin? Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, balle hannun da ba a tabbatar ya ruɓe ba.

A makon da ake bore a Dublin, Jamusawa suka saki iskar guba a kan Runduna ta 16 ta Ailan a Hulluch, arewacin Faransa. 'Yan Ailan sama da 500 suka mutu a cikin kwanakin, adadin da ya zarce duk waɗanda suka mutu a boren. Shekaru da dama yaron makaranta a Dublin ya san Ista 1916 ciki da waje, bai taɓa jin sunan Hulluch ba, alhali wataƙila kakansa a can ya shaƙi ajalinsa.

"Tunawa ai siyasa ce"

Haka ne, sau da yawa. Jan furen da ake maƙalawa a ƙirji a watan Nuwamba ba ƙaramin abu ba ne a Ailan. Kuɗinsa na zuwa ga ƙungiyar tsofaffin sojojin Birtaniya, kuma ga mutumin Derry ta arewacin Ailan da sojojin Birtaniya suka harbe masa ɗan'uwa a Janairun 1972, furen ba Somme kaɗai yake tuna masa ba. A Enniskillen, ranar 8 ga Nuwamba 1987, IRA, ƙungiyar masu ɗauke da makamai da ke neman korar Birtaniya daga arewa, ta tayar da bam a wurin taron tunawa da matattun yaƙi, mutum 11 suka mutu a ranar. A farkon 2020 gwamnatin Dublin ta shirya bikin tunawa da 'yan sandan zamanin mulkin Birtaniya, jama'a suka yi ca, aka ɗage. Duk wanda ya ce wannan fage babu ƙaya bai taka shi ba.

Sai dai ka lura da inda rigimar take tashi. Kusan kullum a wurin biki ne: wa zai ajiye fure, wace tuta za a ɗaga, sunan wa zai zauna kusa da na wa. Bangon Glasnevin ma a nan ya gamu da matsala. Ya jera wanda ya harba da wanda aka harba ba tare da bayanin komai ba, ya bar wa dutse aikin da baki ya kamata ya yi. Iyalan 'yan bore da suka ƙi amincewa da hakan suna da abin faɗa, ko da yake mai guduma ya ɓata musu hujja.

Mai binciken gari ba ya tambayar kowa ya sara wa tuta. Abin da yake kawowa shi ne: wane ɗan wane, daga titi kaza, maƙeri ne ko ɗan dako a tashar jiragen ruwa, ya shiga soja a wata kaza, ya mutu rana kaza, an binne shi wuri kaza ko ba a ga gawarsa ba. Ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasar da ke Dublin tana da wasiyyoyin sojoji kusan 9,000 da aka sa a intanet. Yawancinsu shafi ɗaya ne da aka cire daga littafin albashin soja, rubutun fensir ko tawada, layi biyu ko uku: idan na mutu, duk abin da na mallaka a ba mahaifiyata, ga sunanta, ga adireshi. Wanda ya karanta wannan bai zama mai goyon bayan daular Birtaniya ba. Ya dai san cewa akwai wata uwa a wannan adireshi da ɗan aike ya ƙwanƙwasa wa ƙofa. Ko a nan ma akwai bambanci da takardu suka adana: iyalan hafsa telegiram ake aika musu, iyalan ƙaramin soja kuwa fom ne da aka cike gurabensa ake turo musu ta gidan waya.

Ni a wurina wannan ya fi kowane fareti tona asirin yaƙi. Fareti yana ƙawata shi. Jerin samari goma sha daga unguwa ɗaya, da shekarunsu a gefe, ba ya ƙawata komai.

"'Yan sha'awa ne, ba masana ba"

Akwai gaskiya a nan, kuma dole masu wannan aiki su ji ta. Mai son garinsu yakan so kowane mamaci ya zama gwarzo. Sunaye a Ailan suna maimaituwa ƙwarai, Murphy da Kelly da Byrne ba iyaka, ga shi wasu sun shiga soja da sunan ƙarya ko shekarun ƙarya. Abu ne mai sauƙi a ɗora wa wani mutuwar wani. Takardun ma ba su cika ba: ofishin adana takardun gwamnati da ke Four Courts a Dublin ya ƙone a Yunin 1922 a farkon yaƙin basasar Ailan, sannan fiye da rabin fayilolin sojojin Birtaniya na wannan yaƙi suka ƙone a Landan a 1940 sakamakon ruwan bama-baman Jamus.

Amma a duba su wa suka fi gyara kurakuran. A 1923 aka buga kundin sunayen matattun Ailan mai juzu'i takwas, ɗauke da suna sama da 49,000, kuma wannan adadi ne aka sassaƙa a lambun tunawa na Islandbridge da ke Dublin. Da aka zauna ana bin sunayen ɗaya bayan ɗaya, sai aka ga akwai dubban Ingilishi da wasunsu da aka sa kawai don sun yi aiki a rundunar da ke da sunan Ailan, akwai kuma 'yan Ailan na haƙiƙa da aka tsallake. Aikin gunduma gunduma ne ya fito da wannan fili, ana gwada rajistar haihuwa da ta baftisma da sanarwar rasuwa a jaridun gari.

Ga kuma John Condon na Waterford. Dutsen kabarinsa a Poelcapelle ta Beljiyam ya ce shekararsa 14, kuma saboda haka yana cikin kaburburan da aka fi ziyarta, ana kai yaran makaranta. Masu bincike suka nemo takardar haihuwa da ta ƙidaya, suka nuna cewa ya kai 18, har wasu suna shakkar ko shi ne ma a cikin kabarin. Wannan labari ne da garinsu zai so a bar shi yadda yake, amma takarda ta ce a'a. Binciken da zai iya rushe labarin da ya fi daɗi a bakin mutanensa, ai ya cancanci a saurare shi.

Sharaɗina ɗaya ne ga masu wannan aiki: kada su tace. A rubuta wanda ya gudu daga fagen daga. A rubuta waɗanda rundunarsu ta harbe da asuba bayan shari'ar soja ta 'yan mintoci. Akwai 'yan Ailan fiye da 20 cikin sojoji 306 da Birtaniya ta yi wa afuwa a 2006. A rubuta tsofaffin sojojin da suka dawo gida aka kashe su a lokacin yaƙin 'yanci bisa zargin kai rahoto, da waɗanda suka shiga 'yan sandan da suka ƙona gidajen mutane. In aka ɓoye waɗannan, an koma gidan jiya, an dai canza wanda ake ɓoyewa.

"Gwamnati ai ta riga ta yi"

Ta yi, kuma a yaba mata. Lambun Islandbridge, wanda Edwin Lutyens ya tsara, tsofaffin sojoji ne suka gina shi a shekarun 1930, rabi daga rundunar Birtaniya, rabi daga sojan sabuwar ƙasa. Aka bar shi ya lalace shekaru da yawa kafin a gyara a shekarun 1980. A 1998 Shugaba Mary McAleese ta tsaya tare da Sarauniya Elizabeth da Sarkin Beljiyam aka buɗe dandalin zaman lafiya a Messines, inda Runduna ta 16 da ta 36, 'yan kudu da 'yan arewa, suka yi yaƙi kafaɗa da kafaɗa a Yunin 1917. A 2013 aka yi dokar afuwa ga sojojin Ailan kusan 5,000 da suka bar bariki suka shiga yaƙi da Hitila, waɗanda aka hana aikin gwamnati shekara bakwai bayan sun dawo.

Sai dai gwamnati ba ta cika shiga gaba a irin wannan ba, bin sawu take yi. Kafin ministoci su ajiye fure, akwai mutanen da suka shekara suna rubuta wasiƙu, suna kwafe sunaye daga bangon coci, suna jure kallon banza. Dandalin tunawa na Castlebar a gundumar Mayo, da aka buɗe a 2008, daga mutanen gari ya taso. Kuma shugaban ƙasa, komai kyawun jawabinsa, ba zai iya gaya wa wata tsohuwa a ƙauye inda aka binne ƙanen kakanta ba.

Mai karatu Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan magana. Kakanninmu sun sa kakin sarki ɗaya da waɗannan mutane, sun yi yaƙin Kamaru da na Gabashin Afirka, 'ya'yansu suka je Bama. A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashe renon Ingila ta amsa da bakinta cewa aƙalla mutum 116,000, yawancinsu 'yan Afirka da Masar, ba a rubuta sunansu ko'ina ba, alhali Bature ko ba a ga gawarsa ba sai an sassaƙa sunansa. Ɗan Ailan mutanensa ne suka yi shiru a kansa, amma sunan yana nan a dutse yana jira. Ɗan dakonmu da ya mutu a hanyar Tanganyika ko dutsen bai samu ba. Muna bikin tunawa da 'yan mazan jiya duk 15 ga Janairu, ana sakin tattabaru a Abuja, amma a garuruwa nawa ne wani ya zauna da tsofaffi ya rubuta sunayen waɗanda suka tafi ba su dawo ba?

Waɗanda suka mutu a gida

Akwai rukunin da babu mai iya gano su sai ɗan gari. Su ne waɗanda aka sallama daga soja da huhun da guba ta cinye, ko tarin fuka, ko raunin da ya ƙi warkewa, suka dawo suka mutu a 1919 ko 1920 a asibitin gajiyayyu, aka binne su a kabarin talakawa ba alama. Ƙa'idar hukumar kaburbura ita ce duk wanda aikin soja ya yi sanadin mutuwarsa tsakanin 4 ga Agusta 1914 da 31 ga Agusta 1921 ya cancanci dutse irin na kowa. Amma sai an kawo hujja: takardar sallama, da takardar mutuwa da ta nuna cutar ɗaya ce, da rajistar maƙabarta da ta nuna ramin.

Ba wani ofishi a Landan ko Dublin da zai bi wannan sawu don lebura ɗaya daga Tipperary. Mai yi shi ne wanda ya san cewa iyalin sun sauya rubutun sunansu, ya san wace tsohuwar maƙabarta ce ta rufe, ya san wa ke riƙe da littafin mai haƙa kabari. Ta haka aka kafa wa sojoji da dama duwatsu a Glasnevin ɗin nan kanta da wasu maƙabartun ƙauye, bayan shekara casa'in ko fiye suna kwance ba suna, kuma har yanzu ana tura wa hukumar sababbin fayiloli.